Daga Kwata Zuwa Asibiti: Labarin Insulin na Shanu da Famfon Masu Ciwon Sukari



A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar farashi da kuɗin duwan a gefe, domin mu taɓo wata magana da ta shafi jikinmu, kuma ta shafi dabbar da muke cin abinci da ita. Maganar ita ce ta ciwon sukari, wanda wasunmu ke kira ciwon suga, 'yan uwa na ƙasashen Faransanci kuma su ce diyabet. Da wuya yau mutum ya zauna majalisar manyan 'yan kasuwa, ko a Maraɗi ne ko Adumri ko Tulaku ta Ashaiman, a kawo shayi, bai ji wani ya ce a zuba masa nasa babu sukari ba. Hukumar ciwon sukari ta duniya, IDF, a ƙididdigarta ta 2021 ta ce manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna ɗauke da shi ba.

Tambayoyi uku ne suka fi yawo a bakin mutanenmu. Ta farko, wai gaskiya ne daga jikin saniya ake samun allurar nan ta insulin? Ta biyu, in haka ne, ashe babu wata kasuwa da mu masu shanu muke barci a kanta? Ta uku kuwa ita ce ta ɗan famfon nan da ake ɗaura wa mutum a ƙugu, wanda wasu suka gani a Makka ko a jikin 'ya'yan da ke karatu waje: shin ana zuba masa insulin na dabba, kuma ya dace da mutumin da rabin rayuwarsa a kan hanya take? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, in Allah ya yarda.

MENE NE INSULIN?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana fiɗa ya san tumbi da hanta da huhu da saifa da matsarmama. To akwai wata tsoka mai laushi, mai ɗan fari-fari, da ke manne da farkon hanji kusa da hanta, wadda galibi takan bi kayan ciki ba wanda ya kula da ita. Likitoci na kiranta pankiriyas. Kada a haɗa ta da saifa, kowace da aikinta. Mutum ma yana da irinta a bayan tumbinsa.

Aikinta biyu ne. Tana zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, sannan tana sakin insulin cikin jini. Idan muka ci tuwo ko shinkafa ko muka sha fura, abincin yakan koma sukari ya shiga jini. Insulin shi ne dillalin da ke shigar da wannan sukari cikin tsokar jiki. In babu dillali, ga kaya jibge a kasuwa, ga masu saye na jira, amma ba ciniki. Sai sukari ya taru a jini, mutum ya riƙa yawan fitsari da ƙishirwa da rama, alhali yana cin abinci.

Ciwon iri biyu ne manya. A nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki yakan daina yin insulin gaba ɗaya, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allura. A nau'i na 2, wanda shi ne ya fi yawa a tsakaninmu magidanta, insulin ɗin yana nan amma bai isa ba, ko jiki ba ya jin maganarsa. Shi wannan akan fara da gyaran abinci da motsa jiki da ƙwayoyi, wasu kuma daga baya su koma ga allura.

YADDA SANIYA TA SHIGA LABARIN

A 1889 wasu likitoci biyu, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa kare pankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon sukari. Daga nan aka gane inda gizo ke saƙar. Amma sai da aka ƙara shekara 32 kafin a iya ciro maganin. A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wani likita mai suna Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka dukufa kan aikin a ƙarƙashin Farfesa John Macleod. Da karnuka suka fara, amma abin da ake samu bai taka kara ya karya ba.

Shi Banting ɗan manomi ne, a cikin dabbobi ya tashi. Ya san ana yanka shanu masu ciki a kwata, don haka ya je ya karɓo pankiriyas na 'yan tayin maruƙa, aka gwada, aka ga ya yi. Kafin ƙarshen shekarar suka gano cewa na babbar saniya ma yana yi. Wani masani James Collip ya tace ruwan har ya yi tsabtar da za a iya yi wa mutum allura da shi. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, wanda ciwon ya kai shi bakin kabari. Yaron ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da nau'i na 1 ba abin da ake yi masa sai horon yunwa, kuma da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Masu aikin suka sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaya kowannensu. Mu 'yan kasuwa sai mu jinjina wannan, domin sun san abin da ke hannunsu, amma suka zaɓi lada a kan riba. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce aka mayar ranar ciwon sukari ta duniya tun 1991.

Saboda haka amsar tambaya ta farko ita ce e, gaskiya ne. Kusan shekara 60, mafi yawan masu allurar insulin a duniya da na saniya ko na alade suka rayu.

KILO DUBU TAKWAS A SAMU ƊAYA

Tun daga 1923 kamfanin Eli Lilly na Amurka ya fara yin maganin da yawa, a Danmak kuma aka kafa Nordisk a 1923 da Novo a 1925, waɗanda daga baya suka haɗe suka zama Novo Nordisk. Su ne suka riƙa kwasar pankiriyas daga manyan kwatoci. Lissafin da aka sani shi ne, sai an tara kimanin kilo 8,000 na pankiriyas kafin a samu kilo ɗaya na insulin. Kun dai san na saniya guda bai kai kilo ɗaya ba, to ku auna yawan kawunan da ake bukata.

Bugu da ƙari, kayan ba ya jira. Ruwan narkar da abincin da ke cikin tsokar yakan fara cinye insulin ɗin da zarar an yanka dabba, don haka dole a cire ta nan take a daskarar da ita, a kuma riƙe ta cikin ƙanƙara har masana'anta. Shi ya sa cinikin ya tsaya a wuraren da ake yanka dubbai a rana, ga wutar lantarki ba yankewa.

A nan akwai gargaɗin da ya kamata kowa ya kai gida. Cin pankiriyas, ɗanye ko gasasshe ko a romo, ba ya maganin ciwon sukari. Insulin dangin nama ne, in ya shiga ciki narkewa yake yi kamar tsire. Wannan ne dalilin da ya sa ake yin allurarsa maimakon a haɗiya. Duk wanda ya tallata muku garin kayan cikin saniya da sunan insulin na gargajiya, kuɗinku kawai yake so.

ME YA KASHE KASUWAR?

Ku ɗauki insulin kamar carbi mai duwatsu 51, a zare biyu, ɗaya mai 21 ɗaya mai 30. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Sanger, shi ya ƙirga jerin duwatsun a 1955, kuma da na saniya ya yi aikin. Da aka gwama sai aka ga na saniya ya bambanta da na mutum a dutse 3, na alade kuwa a dutse 1 tak. Wannan ɗan bambanci, tare da dattin da ke saura a tatar zamanin da, shi ke sa jikin wasu ya yi gardama: wurin allura ya kumbura, ko ya yi ƙaiƙayi, ko naman wurin ya lotsa. A shekarun 1970 aka ƙware wajen tacewa, matsalar ta ragu ƙwarai.

Sai kuma a 1978 kamfanin Genentech na Amurka ya koya wa ƙwayar bakteriya yin insulin irin na mutum sak. A 1982 aka amince da sayar da shi da sunan Humulin. Mu lura, ba daga jikin mutum ake ciro shi ba, ƙwayoyin bakteriya ko na yis ne ake kiwo a manyan tankuna suna yin sa. Daga ranar da aka samu abin da ba ya bukatar kwata ko firij ɗin nama, sai kasuwar na dabba ta fara ja da baya.

Ana cikin haka sai ga ciwon haukan shanu, wanda aka gano a Ingila a 1986. A 1996 gwamnatin ƙasar ta bayyana cewa ana jin yana da alaƙa da wata cutar ƙwaƙwalwa a jikin mutane, Tarayyar Turai ta hana fitar da naman Ingila, aka kuma tsaurara doka kan duk maganin da ake yi da sassan saniya. A Amurka an daina yin na saniya a 1998, na alade a 2006. A Ingila kamfanin Wockhardt ya riƙe na saniya mai suna Hypurin Bovine har 2017, lokacin da ya ba da sanarwar dainawa saboda ya rasa inda zai samu kayan haɗi. Bayan nan na alade ne ya saura a ƙasashe 'yan kaɗan. Likitocin dabbobi ma suna da wani na alade mai suna Caninsulin da ake yi wa karnuka da kyanwa.

Ke nan amsar tambaya ta biyu ita ce, wannan kasuwa ta watse. Kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na cinikin insulin a duniya, kuma ba pankiriyas suke saye ba. In wani ya zo da maganar a tara hannun jari domin fitar da shi waje, a ba shi ruwa ya sha, a sallame shi.

MASU KEWAR NA DABBA

Duk da haka akwai waɗanda ba su ji daɗin canjin ba, kuma bai kamata a raina maganarsu ba. A shekarun 1980, wasu da suka shekara da shekaru kan na dabba a Ingila da Siwizalan suka koka cewa tun da aka mayar da su kan sabon, sun daina jin alamun da ke yi musu gargaɗi in sukarinsu zai faɗi. A da sai su ji gumi da rawar jiki su nemi abin zaƙi, yanzu kuwa sai dai su farka a ƙasa. A 1994 aka kafa wata ƙungiya a Ingila, IDDT, domin kare haƙƙin irin waɗannan mutane na su ci gaba da samun abin da jikinsu ya saba da shi. Masu binciken Cochrane, da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a farkon shekarun 2000, ba su ga wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin biyun ba, ko da yake sun ce yawancin gwaje-gwajen ba su da inganci sosai.

Ta fuskar addini kuma, na alade ya daɗe yana damun Musulmi. A wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 an halatta shi ga mai ciwon saboda larura. Mu a nan Allah ya hutar da mu, domin wanda ake sayarwa a farmasinmu, irin su Actrapid da Insulatard da Mixtard da Humulin, duk na tanki ne, ba na alade ba.

YADDA FAMFO KE AIKI

Famfon insulin wata 'yar na'ura ce da ba ta kai girman wayar hannu ba. A cikinta akwai ɗan tulu mai ɗaukar yunit 200 zuwa 300, da batir, da siririn tiyo da ke zuwa wata 'yar allurar roba da ake cusawa ƙarƙashin fatar ciki. Akwai kuma wanda ake mannawa a jiki babu tiyo. Dare da rana yana ɗiga insulin kaɗan-kaɗan, in kuma za a ci abinci sai mai shi ya danna ya ƙara gwargwadon abin da zai ci. Ana canza allurar da tiyon duk kwana 2 zuwa 3.

Na farko da wani likita Arnold Kadish ya ƙera a Amurka a farkon shekarun 1960, goya shi ake yi a baya kamar buhu. A 1978 likitocin asibitin Guy's na Landan, John Pickup da Harry Keen da abokan aikinsu, suka nuna cewa ƙaramin famfo na iya riƙe sukarin mutum daidai. Ku lura da shekarar: 1978, wato shekara 4 kafin Humulin. Ashe famfunan farko duk da insulin na dabba suka yi aiki, galibi na alade da aka tace sosai.

TO YANA SHIGA KO BA YA SHIGA?

A tarihi ya shiga. Amma akwai dalilai huɗu da suka sa likitoci suka bar wannan hanya.

Na farko, toshewa. Insulin in ya sha zafi da jijjiga yakan dunƙule kamar madarar da ta tsinke, ya toshe tiyo. Na saniya ya fi na alade da na mutum saurin yin haka. Tun a zamanin famfunan farko wannan matsala ta sa aka haɗa wani na musamman mai suna Velosulin domin famfo.

Na biyu, jinkiri. Insulin garai na da, ko na dabba ko na mutum, sai ya yi kamar minti 30 kafin ya fara aiki, ya kai ƙarfinsa cikin awa 2 zuwa 4, ya kuma daɗe awa 6 zuwa 8 a jiki. Na saniya ma ya fi nawa. Sabbin da aka yi wa gyara, irin su Humalog da ya fito a 1996, da NovoRapid da Apidra da suka biyo baya, cikin minti 10 zuwa 20 suke farawa, su gama cikin awa 3 zuwa 5. Amfanin famfo shi ne a ƙara ko a rage nan take. In ka zuba masa mai nawa, kamar ka ɗaura wa tirela birkin amalanke ne.

Na uku, lissafi. Famfunan zamani suna ƙirga saura nawa insulin ke aiki a jiki kafin su ba da shawarar a ƙara. Tun daga 2016, da aka amince da MiniMed 670G a Amurka, akwai waɗanda ke haɗe da na'urar awon sukari, suna ƙarawa da ragewa da kansu. Duk wannan lissafi an gina shi ne kan mai saurin aiki. In aka zuba mai nawa, famfo zai zaci na farko ya ƙare alhali yana nan, sai ya ƙara wani a kai, sukari ya faɗi warwas, wataƙila mutum yana barci ko yana tuƙi. Shi ya sa kamfanonin ke rubuta sunayen insulin ɗin da suka yarda a zuba, kuma na dabba ba ya ciki.

Na huɗu, samuwa. Abin da ba ka da tabbacin samunsa wata mai zuwa, ba ka ɗora ranka a kansa.

Waɗanda suka yi amfani da na alade a famfo a ƙasashen Turai, sun yi ne da sa idon likitan da ya san kan abin, kuma da garai-garai kawai. Mai gurɓi-gurɓi kamar ruwan koko, irin Insulatard da Mixtard, ba ya shiga famfo ko kusa, na dabba ne ko na mutum.

FALKE DA FAMFO

Yanzu mu dawo kanmu. Mai famfo ba shi da insulin mai dogon zango a jikinsa. In tiyo ya lanƙwashe, ko batir ya mutu, ko gumi ya ɓanɓare allurar, cikin awoyi kaɗan sukari zai hau, jiki ya fara tara wata guba mai tsami da ake kira kiton. Alamunta ƙishirwa, amai, ciwon ciki, da numfashi sama-sama mai zurfi. Wannan kan kashe mutum in ba a kai shi asibiti ba. To ku ɗauki wanda ya loda shanu daga Abalak ko Masakori zai sauka kurmi, ga zafi, ga ƙura, ga turereniyar dabbobi wajen lodi, ga kwana biyu ko uku a bakin iyaka ana jiran takarda. Kamfanonin ma sun ce insulin ɗin da ke cikin famfo in ya sha zafin da ya haura digiri 37 a zubar da shi, mu kuwa mun san abin da bazara ke yi.

Kuɗin famfo kansa dubban daloli ne, wato miliyoyin sefa, ban da tiyo da allura na kowane wata da sai an yi oda daga waje. Ba mu ce ba shi da amfani ba. Ga yaro mai nau'i na 1 da ke zaune a gari, kusa da likitan da ya iya shi, alheri ne babba. Amma mafi yawanmu nau'i na 2 ne ke damunmu, kuma ƙwaya ko sirinji ko biron insulin sun wadatar. Wanda ya riga ya ɗaura famfo kuwa, kada ya taka mota sai da biro ko sirinji na ko-ta-kwana, da batir, da tiyo na canji, da takardar likita mai nuna yawan yunit ɗin da zai yi in famfo ya tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TARKON DA KE BAKIN IYAKA

Mu da ke sayen magani yau a wannan ƙasa gobe a waccan, akwai tarko biyu da ya kamata mu sani.

Na farko, ƙarfin insulin. A jikin kwalba za ku ga an rubuta U-100 ko U-40. Na farkon yunit 100 ne a mililita ɗaya, na biyun 40. Yawancin ƙasashe sun koma U-100, amma a Indiya ana yin U-40, kuma magungunan Indiya suna shigowa kasuwanninmu. Kowane da sirinjinsa: galibi na U-100 murfinsa ruwan lemo, na U-40 ja. In ka ja U-100 da sirinjin U-40 zuwa lamba 10, yunit 25 ka yi wa kanka, ninki biyu da rabi ke nan, kuma hakan na iya sumar da mutum. In ka ja U-40 da sirinjin U-100 zuwa lamba 10, yunit 4 kawai ka samu. Famfo ma U-100 ya sani. Caninsulin na karnuka U-40 ne, kuma ba na mutane ba ne, komai arahar sa.

Na biyu, ma'aunin sukari. A Nijar da Kamaru da Cadi za ka ji an ce 1.26, a wani wuri a ce 126, a Gana a ce 7.0, alhali duk abu ɗaya ne: giram a lita, miligiram a desilita, da milimol a lita. Wannan ita ce iyakar da in awon safe kafin karin kumallo ya kai ta, aka sake aka kuma samu haka, likita zai ce akwai ciwon. Faɗuwar sukari kuwa ita ce ƙasa da 0.70, ko 70, ko 3.9. Kowa ya san yaren da na'urarsa ke yi, ya kuma faɗa wa likitan da ya tarar.

In sukari ya faɗi, alamunsa gumi, rawar jiki, yunwa, bugun zuciya da ruɗewa. A ba mutum ƙwayar sukari 3 ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a jira minti 15, a sake awo, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Doguwar kora a ƙafa tana saukar da sukari, haka ma tsallake abinci. Direba mai allura ya yi awo kafin ya kama sitiyari. Mai azumi kuma in awo ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, shawarar likitoci ita ce ya sha ruwa, kuma tun kafin watan ya kama ya je a daidaita masa allura.

AJIYA A ƘASAR ZAFI

Kwalbar da ba a buɗe ba, wurinta firij, tsakanin digiri 2 da 8, amma ban da gidan ƙanƙara, domin in ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe takan yi mako 4. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi bisa yanayin sansanin Dagahaley na Kenya, inda zafi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga insulin ya riƙe ƙarfinsa har mako 4. Wannan albishir ne ga wanda ba shi da firij, amma ba lasisin ajiye shi gaban gilashin mota ko kusa da inji ba ne.

Dabarar iyayenmu tana nan da amfaninta. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000, tana sanyaya magani a masauki. A kan hanya kuwa a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke bugawa. Garai-garai in ya yi gurɓi ko aka ga gudaji a ciki, a jefar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Muna kira ga shugabannin rassa da sarakunan kara su nemi ma'aikatan lafiya na garuruwansu su riƙa zuwa awon sukari da na hawan jini ranar kasuwa. Mu da ba ma sayen sa sai mun duba haƙoransa da kofatonsa, bai kamata mu shekara ba mu duba namu jinin ba. Kowane mai allura ya sa 'yar takarda a aljihu, da Hausa da Faransanci da Ingilishi, mai ɗauke da sunan maganinsa da ƙarfinsa da yawan yunit. Ya kuma gaya wa yaran tafiyarsa halin da yake ciki, domin ɓoye ciwo ga abokin tafiya ba jarumta ba ce, shi ne zai ɗauke ka in ka faɗi. A sayi magani a farmasi mai rajista, a bar na tebur da na bayan mota. Kada kuma wanda ya canza irin insulin ɗinsa, ko ya daina, bisa maganar majalisa.

Saniya ta yi wa 'yan Adam aikin da ba su biya ta ba: shekara kusan 60 tana riƙe da rayukan miliyoyin mutane, har ilimi ya kawo abin da ya gaje ta. Mu masu hulɗa da ita mun fi kowa cancantar sanin wannan, mu kuma faɗa wa 'ya'yanmu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye hanya, ya sa albarka a dukiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.